Ranar da Baffa Ya Same Ni a Cikin Buhu

Ko da zan manta da komai na rayuwata, ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis ta watan Maris, ranar da mutumin da aurena ke hannunsa ya same ni kwance rub-da-ciki a gaban ɗalibai arba'in da ɗoriya, ƙafafuna biyu cuse a cikin buhu. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe, kada ku ce taɓin hankali gare ni (ko da yake akwai mutane a unguwar Kolere da suka riga suka yanke wannan hukuncin).

Ni malamin ilmin halittu ne a wata sakandare mai zaman kanta a unguwar Lokuwa, cikin garin Mubi. A Mubi aka haife ni. Mahaifina daga Katsina ya zo da tallar yadi, garin ya karɓe shi, ya zauna. Babban ruwan da na taɓa gani da idona shi ne mayon garinmu, wato koginmu, in ya cika da damina, babbar ƙanƙarar da na sani kuwa ita ce wadda masu zoɓo ke fasawa da taɓarya. Duk da haka babu dabbar da ta shiga raina kamar wata da ke zaune can ƙarshen duniya, inda teku kansa yake daskarewa. Littafinmu na Turanci yana ce mata sil. Mu ba mu da sunanta, don kakanninmu ba su taɓa cin karo da ita a hanya ba. Mafi kusa da ita a wajenmu shi ne ayun da masunta ke ba da labarinsa a Binuwai, shi ma ba danginta ba ne. Ni dai saboda fuskar da gashin bakin sai na raɗa mata suna karen ƙanƙara, sunan kuma ya zauna a ajina.

A wani bidiyo na fara ganinsa, shekarar da na kama aiki, kuma tun daga ranar datar wayata ta shiga uku. Ku duba ikon Allah. Huhu gare shi kamar ni da ku, macensa tana haihuwa tana shayarwa, amma abincinsa yana ƙarƙashin ruwan da in ɗan Adam ya faɗa, ba a jimawa sai salati. Mu in za mu nutse, cika ƙirji muke yi da iska. Shi kuwa fitar da ita yake yi kafin ya nutse, don ajiyarsa ba a huhu take ba, a cikin jini da tsoka take. Yana nutsewa bugun zuciyarsa ya ragu ya koma ɗai-ɗai, jinin ya janye daga sauran jiki ya tattaru wajen zuciya da ƙwaƙwalwa. Akwai wani irinsa a can kudancin duniya da kan yi fiye da awa guda bai leƙo ba. Hancinsa da kansa yake rufewa, buɗewar ce ke buƙatar ƙoƙari. A cikin duhun ruwa, da gashin bakin nan yake jin motsin da kifi ya bari bayan ya wuce, ya bi sawu. Kuma da yake saman ruwan ya daskare, dole ya riƙe wani ɗan rami da zai riƙa leƙowa yana shaƙar iska. Na arewacin duniya da farce yake kankare nasa, na kudu da haƙori, kullum, har haƙoran su cinye. In suka cinye kuwa, kwanansa ya kusa. Wallahi wannan abin yana ba ni tausayi, kuma yana burge ni fiye da yadda zan iya faɗa.

Abokaina sun gaji da ni. Muna majalisa ana zancen ƙwallo, sai in ce, "Kun san kuwa madarar karen ƙanƙara ta fi man shanu kusa da man shanu?" Sai kowa ya tuna yana da saƙo a gida.

Ana haka Allah ya haɗa ni da Asma'u, ma'aikaciyar jinya, 'yar Fulanin Kolere. Ita kaɗai ce ta taɓa sauraron labarin ramin iska daga farko har ƙarshe ba ta yi hamma ba, kuma a nan na san na sami matar aure. Manyana suka je neman izini. To a gidansu uba ba ya sa baki a auren 'yarsa, kunya ce. Magana tana hannun yayansa, Baffa Hammadu. Makiyayi ne da ya tsufa ya zauna gari. Ban taɓa haɗuwa da shi ba, a hoton wayar Asma'u kawai na san shi: dogo, siriri, farin gemu, farin rawani. An ce bai taɓa sayen sa a kan maganar dillali ba, sai ya tsaya daga nesa ya ga tafiyarsa tukuna. Da manyana suka gama bayani, abin da ya ce kawai shi ne, "Mun ji. Za mu duba."

Da yamma Asma'u ta kira ni.

"Malam, ka yi hankali," ta ce. "Baffa ba ya aika kowa bincike. Da ƙafarsa yake zuwa, kuma ba ya faɗin rana. In ya ce a'a, ko Babana ba zai iya buɗe baki ba."

"Me yake dubawa?"

"Pulaku. Kunya, haƙuri, natsuwa. Ba ya son mai rawar kai. Kai kuma ka san halinka."

Na san halina. Ni ne mutumin da ke gaishe da mai shayi daga tsallaken titi har tantabaru su tashi. Don haka washegari na ɗauko babbar rigar mahaifina daga akwati, na kafa hula, na zama dattijo. Na daina tsayawa cin ƙosai a bakin hanya. Na rage saurin tafiyata har sau biyu ina makara taron safe. In an gaishe ni, ba na waiwaya, sai dai in ɗan sunkuyar da kai, don a ganina haka masu natsuwa ke yi. A Keke Napep nakan zauna ƙiƙam, ban ce wa kowa uffan ba, ni da nake sanin sunan direba da na ƙauyensu kafin mu kai kasuwa. A aji ma na tsaya wuri ɗaya ina karanto littafi da ƙaramar murya, har wata ɗaliba ta biyo ni bayan darasi ta ce, "Malam, rasuwa aka yi muku?" Sati uku ina wannan wahala cikin zafin bazara, gumi yana bin bayana kamar an kunna famfo. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, amma ni a lokacin gani nake ya rufe ni har idon sawu.

Ranar Litinin ta sati na huɗu Asma'u ta turo mini saƙo cewa an yi rasuwa a garin Uba, Baffa ya tafi, sai an yi sadakar bakwai zai dawo. Jama'a, ban san sanda na yi hamdala a kan rasuwar bawan Allah ba (Allah ya jiƙansa, ya yafe mini). Na ninke riga na mayar akwati. Na je wajen mai ƙosai na rama bashin cikina. Sannan na tuna da darasin da na yi ta ɗagawa saboda natsuwa: yadda Allah ya daidaita jikin kowace dabba da mazauninta, na 'yan aji huɗu.

Ranar Alhamis da sassafe na biya ta wajen mahauta na sayi kitse. Na biya wajen mai ƙanƙara ta sa mini manya guda biyu a buhu, ta zuba garin katako don kada su narke. Na ari bahon wanki. Na kuma samo kwalin firji, na buɗe shi, na yanka rami a tsakiya daidai kai, na shimfiɗa shi a kan bencina biyu. Shi ne saman teku da ya daskare.

Da farko komai ya tafi daidai. Na fasa ƙanƙara a baho na zuba ruwa. Na cika leda da kitse, na zura wata ledar a ciki, ya zama kamar safar hannu. Kowane ɗalibi ya zo ya sa hannu ɗaya a safar, ɗayan kuma tsirara, ya tsoma su tare. Ba wanda ya kai ƙirga ashirin bai fizge hannun tsirara yana ihu ba, amma na cikin kitsen ko a jikinsa. Na ce musu, to haka Allah ya naɗe karen ƙanƙara da kitse daga wuya har wutsiya, bargonsa ke nan, kuma rumbunsa ke nan ranar da babu abinci. Aji ya kaure. Yaran da sati uku suna gyangyaɗi, yau suna ture juna. Raina ya yi fari ƙal, har na ji kamar na dawo daga doguwar jinya.

Sai wata yarinya, Rahila, ta ɗaga hannu. "Malam, to in ba shi da ƙafa, yaya yake tafiya a kan ƙanƙaran?"

Na yi bayani. Na ce ƙafafunsa na baya sun zama kamar wutsiyar kifi, baya suke kallo, ba sa juyowa gaba. A ruwa su ne injinsa, in yana iyo ba ka son ka ƙifta ido don kyau. A tudu kuwa sai dai ya ja ciki, ya dunƙule ya miƙe, ya dunƙule ya miƙe. Na zana a allo. Suka dubi zanen, suka dube ni.

"Ba mu gane ba, Malam. Ka nuna mana!"

Mai hankali da ya ce su je su kalli bidiyo. Ni kuwa sai idona ya faɗa kan buhun ƙanƙarar nan da ke yashe a gefe. Na tuɓe takalmi. Na zura ƙafafuna biyu a ciki, na ɗaure bakin buhun a gwiwa da igiyarsa, ƙulli biyu don kada ya zame. Na kwanta rub-da-ciki, na manne hannuwa a jiki, na fara: dunƙule, miƙe, dunƙule, miƙe, tsakanin bencina. Yara suka hau kan tebura suna tafi. Ni kuma da na ji tafi, sai shaiɗan ya ƙara mini mai. Na ce yanzu za su ga yadda yake leƙowa ta ramin iska, kuma su sani a arewa wannan ne lokaci mafi haɗari a rayuwarsa, don akwai wani ƙaton farin naman daji da ake kira beyar, wanda kan zauna tsit a bakin ramin na tsawon lokaci yana jira. Na kurɓi ruwan baho na cika kumatu. Na ja ciki na shige ƙarƙashin kwali. Na ɗan dakata don abin ya yi armashi. Sannan na rufe ido, na turo kai ta ramin, na feso ruwan nan da dukkan ƙarfina, na bi shi da wani gurnani da na kwana biyu ina koyo a banɗaki.

Na jira tafi. Ba tafi. Sai ɗigar ruwa daga gemuna kawai nake ji.

Na buɗe ido. Abin da na fara gani takalmin fata ne, da gindin sanda. Na ɗaga ido na ga farar riga, gabanta jiƙe da ruwan bakina, da ɗigon garin katako. Na ƙara ɗagawa: farin gemu, farin rawani. A bayansa kuma shugabar makarantarmu, wadda muke kira Madam, ta dafe kai da hannu biyu. (Daga baya na ji ashe sadakar uku kawai ya tsaya, motar Uba ta sauke shi, ya zarce makarantarmu, ya ce wa Madam yana so ya ga Malam a bakin aikinsa. Ita kuma baiwar Allah ta rako shi da alfahari.)

Baffa ya dubi yaran ya ce, "Wannan mene ne yake yi?"

Aji gaba ɗaya, da murya ɗaya, irin wadda ban taɓa samu ba in na yi tambayar jarrabawa: "Karen ƙanƙara ne, Baba!"

Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Abin da ya faɗo mini kawai shi ne, suruki ba a gaishe shi a tsaye, balle a kwance. Durƙusawa ake yi. Na yunƙura in fito, kunnuwana suka maƙale, kwalin ya taso tare da ni kamar faifai a wuya. Na ƙwace kaina. Na nemi durƙusawa, na manta ba ni da ƙafafu, na tafi gaba ɗaya na daki siminti. Baffa ya ja da baya taku uku don kada in faɗa masa. To yanzu ga shi can, ga ni nan, kuma gaisuwa daga nesa rashin kunya ce. Wallahi ban san sanda jikina ya yanke shawara ba. Sai kawai na ji ni ina dunƙulewa ina miƙewa, ina dunƙulewa ina miƙewa, har na isa gaban takalminsa, na ɗago kai na ce, "Barka da zuwa, Baffa. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya," ya ce, ko gezau. Ya sunkuyo ya miƙo mini hannu. Nawa kuwa duk kitse ne har gwiwar hannu. Na miƙa masa wuyan hannu, ya ƙi, ya kama tafin gaba ɗaya. Da ya saki sai ya duba yatsunsa, ya murza, ya kai hanci.

"Wannan kitse na tsohon saniya ne," ya ce. "Ka ga ya yi ɗorawa."

Madam ta dawo hayyacinta. "Malam! Fita daga buhun nan yanzu-yanzu! Baba, sori, don Allah ka yi haƙuri, ba haka muke ba a makarantan nan."

Na kama igiya. Igiya ta jiƙe, ƙulli biyu ya zama dutse, yatsuna kuma santsi. Ina ja yana ƙara ɗaurewa.

"Bar shi," in ji Baffa. Ya gyara riga ya zauna a benci na gaba, ya jingine sanda. "Karatu bai ƙare ba, ko? Ci gaba. Ni ma na zo koyo."

Haka na ja gindi na jingina da bangon allo, ƙafafu a buhu, na ci gaba da darasi da wata murya da ban san ta ba. A raina na riga na yi bankwana da Asma'u, har ina tunanin wanda zai aure ta, ina jin haushinsa. Baffa ya ce a kawo masa safar nan. Ya zura hannu, ya tsoma su biyun a baho. Yara suka fara ƙirge a hankali. Suka wuce ashirin, suka wuce hamsin, suka wuce ɗari, fuskar dattijon nan ba ta motsa ba. Sai da ya ga dama ya fitar, ya dubi hannun tsirara, ya dubi na kitsen, ya ce, "Allah mai iko."

Wannan kalmar ce ta ɗan dawo mini da numfashi. Na shiga bayanin haihuwa. Na ce a kan ƙanƙara uwar take haihuwa, a fili, ba ɗaki ba bukka, sai dai wani iri na arewa da ke haƙa kogo a cikin ƙanƙara mai laushi ya ɓoye ɗansa. Na ce madararta kauri gare ta, a wani irin fiye da rabinta mai ne, har akwai wadda kwana huɗu kacal take shayarwa, ɗan ya ninka nauyinsa, ta yaye shi ta koma ruwa.

"Kwana huɗu?" Baffa ya gyara zama. "To uwan, me yake ci a kwanakin?"

"Ba ta cin komai, Baffa. Kitsen jikinta take narkarwa ta ba shi. Kullum tana ramewa, shi yana cika."

Ya jinjina kai a hankali. "Saniya mai kirki ke nan. A garke in ka ga uwa ya yi ƙiba, ɗan ya rame, ka sayar da shi. Wanda ƙashin bayansa ya fito, ɗan yana tsalle, shi ne dukiya." Ya juya wajen yara. "Kun ji? Ku je ku duba iyayenku mata."

Ni kaina sai da na tuna da tawa uwar.

Ya sake tambaya, in suna da yawa wuri ɗaya, yaya uwa take gane nata. Na ce da ƙamshi da kuka. Ana haihuwa take kai hanci ta shinshine shi, ta riƙe muryarsa. Ya ce, "Kamar nagge," wato saniya. Sannan ya ba yara labarin abin da suke yi a ruga in ɗan maraƙi ya mutu: a feɗe fatarsa a yafa wa maraya, uwar ta shinshina ta ji nata, ta sakar masa nono. Ban taɓa karanta wannan a littafi ba. Na manta da buhu na buɗe baki ina sauraro kamar ɗan aji ɗaya.

"To shi wannan naka," ya ce da ni, "in ɗansa ya mutu, yana karɓan maraya?"

Ban sani ba. Duk bidiyon da na kalla ba wanda ya faɗa. Idanu arba'in da ɗoriya suna kaina, ga Madam, ga shi. Ƙarya ta zo har bakin harshena, mai kyau, da Turancinta. Amma na ga mutumin da ya gane shekarun saniya daga kitse ba zai kasa gane ƙaryar malami a buhu ba.

"Ban sani ba, Baffa," na ce. "Sai na bincika."

Ya miƙe, ya ɗauki sanda, ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya sunkuya ya yanke igiyar da yanka ɗaya. Ya ce, "To, madalla," ya fita. Ko waiwaye bai yi ba.

Kafin a tashi daga makaranta labari ya riga ni isa Kolere, don ashe akwai jikar maƙwabcin su Asma'u a ajin. Asma'u ta kira tana kuka. "Malam, ka kashe ni. Sati uku kana dattijo, sai ranar da ya zo ka zama kifi?" Na ce ba kifi ba ne, yana shayarwa. Ta kashe wayar. A gida kuma mahaifina ya saurari labarin har ƙarshe, ya yi tagumi ya ce, "Shekara talatin ina sayar da yadi a garin nan, ɗana ya rasa abin da zai sa a gaban surukinsa sai buhu." Madam ta ba ni takardar gargaɗi, sannan a bakin ƙofa ta rage murya ta tambaye ni ko da gaske ne zancen kwana huɗun nan.

Kwana biyar ba labari. Abinci ya daina shiga. Na dai bincika tambayarsa, na samu cewa a wasu irin akan sami uwar da ta rasa nata ta karɓi maraya, na tura wa Asma'u ta isar masa. Ta amsa da kalma ɗaya: "To." A rana ta shida aka aiko cewa Baffa yana son ganin mahaifina, kuma a zo da ni.

Muka same shi a zaure kan buzu. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, na ƙi ɗagowa. Bayan doguwar gaisuwa ya fuskanci mahaifina.

"Alhaji, yaron nan sau uku na gan shi. Na fari, a bakin titin Lokuwa. Tsoho ya gaishe shi, bai buɗe baki ba, kai kawai ya kaɗa. Na biyu, a ƙofan makaranta. Yara suna gaishe shi, yana tafiya kamar an haɗiye masa sanda. Na ce wannan ko girman kai, ko ciwon baya, kuma duka biyu ba na ba shi 'ya. Ranan da na dawo daga Uba, na je ne in gan shi na ƙarshe, in aiko muku da haƙuri."

Wato duk gumin da na sha, kabarin aurena nake haƙawa da hannuna.

"Sai na samu wani mutum daban," ya ci gaba. "Ya kwanta a ƙasa don 'ya'yan wasu su gane karatu. Wanda ya yi wa na wasu haka, nasa ba za su sha wahala ba. Na tambaye shi abin da bai sani ba, a gaban yaransa ya ce bai sani ba. Kuma ya aiko da amsa. Kunya kam, ranan ya ji wanda zai ishe shi shekara goma." Sai ya ce da Fulatanci abin ya yi kyau: "Boɗɗum. Mun ba shi."

Mahaifina ya shiga godiya. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini a kan tabarmar mutane. Muna miƙewa za mu fita, Baffa ya kira ni.

"Malam."

"Na'am, Baffa."

"Ranan ɗaurin aure akwai manyan baƙi. Ka zo da ƙafafunka."

Na je da su, kuma an ɗaura. Abin da na koya dai shi ne, in za a ƙi ka, gara a ƙi ka da halinka, don wanda ka aro ma ba lalle ne ya fi naka kasuwa ba. Har yanzu duk shekara ina yin darasin nan ga 'yan aji huɗu, da kitse da baho da buhu, ban rage komai ba. Sai dai yanzu nakan tura ƙofa in sa sakata, kuma ƙulli ɗaya nake yi.